Yadda ɗan Zango zai hau dutsen Zugspitze da ƙafarsa

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Suame Magazine, nan Kumasi, kuma ita ce take kai ni Jamus sau ɗaya a shekara sayo injina na hannu. Yayana yana zaune a Munik, wurinsa nake sauka. Tun da na dawo bara na nuna hotunan saman dutsen Zugspitze a majalisarmu ta shayi a Aboabo, tambaya ba ta ƙare ba. Wani ya ce nawa ne, wani ya ce ai sai Bature, wani kuma, wanda zai je kwas na wata uku, ya ce in faɗa masa komai daga farko. Saboda shi na zauna na rubuta wannan.

Zugspitze shi ne dutse mafi tsawo a Jamus, mita 2,962. Yana cikin jerin tsaunukan Alps, a daidai iyakar Jamus da Ostiriya: gefe guda jihar Bavariya, ɗaya gefen jihar Tirol. Don ka kwatanta, Afadjato namu na yankin Volta, ko ka ɗora uku a kan juna ba ka kai ba tukuna. Hawan farko da aka rubuta a tarihi shi ne na ranar 27 ga Agusta 1820, wani hafsan soja mai safiyo, Josef Naus, da mutum biyu da suka raka shi. Yau akwai motar igiya da ke ɗaga mutum daga gindin dutsen zuwa sama cikin minti goma. Ba laifi ba ne a hau ta. Amma ni maganar ƙafa nake yi.

Sau biyu na gwada, na farkon ban kai ba. Mun bar Munik da hantsi, muka fara tafiya wajen goma, ina sanye da wandon jins da riga ta auduga, ga takalmin da na saya kwana biyu kafin nan. Wajen uku na rana sama ta haɗa hadari cikin ɗan lokaci, ruwa ya sauko da ƙanƙara, wandon ya jiƙe ya manne a jikina kamar ɗanyar fata. Ina rawar ɗari a watan Agusta, dugadugaina sun yi bororo. Yayana ya dube ni ya ce, "Gobe da safe gida za mu koma." Na ce, "Yaya, ai mun ci rabin hanya." Ya ce rabin da ya rage ba irin wannan ba ne. Ya yi gaskiya. Ƙarfi ina da shi, mutumin da ke ɗaga giyabokis kullum. Lissafi ne ban yi ba: na lokaci, na sanyi, na sama. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan ranar ya fito.

Hanyoyin ƙafa da aka sani guda huɗu ne. Ta Höllental tana da ƙanƙara mai daskarewa da hawan bango da igiyar ƙarfe, sai da kayan aiki da gwaninta, kada ka soma da ita. Akwai biyu daga gefen Ostiriya, ta wajen garin Ehrwald. Wadda nake ba ɗan'uwana shawara ita ce ta kwarin Reintal: ta fi kowace tsawo, kusan kilomita 21, hawan ya haura mita 2,200, amma ta fi kowace sauƙi. Gwanaye suna yin ta a yini ɗaya, awa takwas zuwa goma. Kai ka raba ta kwana biyu. Mu da muka taso a Kumasi, inda garin bai wuce mita 250 daga teku ba, jikinmu yana bukatar dare ɗaya a tsakiyar hanya kafin ya saba da iskar sama. A can ƙoli abin da kake shaƙa a numfashi ɗaya kusan kashi 70 cikin ɗari ne na abin da kake shaƙa a bakin teku a Akra.

Lokacin zuwa daga Yuli ne zuwa tsakiyar Satumba. Kafin nan dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a sama ba, bayan nan sabuwa na iya zuba.

Shiri kuwa tun daga gida ake farawa, aƙalla wata biyu kafin tafiya. Ni abin da na yi a karo na biyu, duk Lahadi bayan asuba sai in shiga mota zuwa tafkin Bosomtwe, in sauka tun daga saman tudu, in gangara da ƙafa har bakin ruwa a Abono, in sake hawowa, da jaka mai nauyin kilo takwas a baya. Da farko sau ɗaya, daga baya sau biyu a jere. Wanda yake Akra yana da tudun Aburi, wanda ya samu hali ya je Kwahu ko Afadjato. Gudu a fili ba ya maye gurbin hawa. Sha-raɓa da gwiwa ne za su yi aikin, su za ka horar.

A cikin takalmin da za ka hau da shi za ka yi wannan horon, wannan kada ka yi wasa da shi. Ka nemi takalmin hawan dutse mai rufe idon sawu, mai tafin roba mai zurfin zane. A gwanjon Kejetia ana samu, a Kantamanto ma haka, amma ka lanƙwasa tafin ka gani, domin tsohon takalmi da ya daɗe a ajiye gam ɗinsa na mutuwa, tafin ya ɓalle maka a tsakiyar dutse. Ka gwada shi da safa mai kauri, ka bar wurin yatsa ɗaya a gaba. In ya matse ka a kasuwa, a gangara farcenka zai ci.

Maganar sutura ita ce inda namu suka fi kuskure, domin abin da muka sani na sanyi shi ne hunturu, wanda rigar sanyi ɗaya ke maganinsa. Can duk mita ɗari da ka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri. Garin Garmisch-Partenkirchen, inda za ka fara, yana kan mita 700 ne. In can ana digiri 24, a sama tara ko goma za ka tarar, ban da iska. Dusar ƙanƙara na iya zuba a ƙolin a kowane wata na shekara. Don haka auduga ka bar ta a gida, tana shan gumi ba ta bushewa. Ka sa riga ta roba irin ta 'yan ƙwallo a jiki, wata mai ɗumi a kai, sannan rigar ruwa mai tare iska a jaka. Hular sanyi, safar hannu, tabarau na rana. Man kariya daga rana ma ka shafa. Na ji masu cewa baƙar fata ba ta ƙonewa. Tawa ta ƙone, hancina da leɓɓana sun saɓule bayan kwana uku. Sai tocila ta goshi, filasta, gorar ruwa ta lita biyu, dabino da gyaɗa, da sanduna biyu na tafiya in ka samu aro. Jakar kada ta wuce kilo takwas.

Takardu: bizar Shengen ɗaya ta ishe ka ƙasashen biyu. Inshorar tafiya da ake nema wajen biza, wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, ka karanta ta ka ga ko ta haɗa da ceto a kan dutse, domin jirgi mai saukar ungulu ba kyauta yake zuwa ba. Fasfo ya kasance a jikinka. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen biyu.

Abu na ƙarshe kafin tashi, kama wurin kwana. A kan hanyar akwai masaukai na ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus, wadda aka kafa a 1869. Biyu ne suka shafe ka: Reintalangerhütte a mita 1,369, da Knorrhütte a mita 2,051. Ta intanet ake kamawa, kuma a damina tasu, wato lokacin hutu, makonni kafin ranar wuri ke cika. In ƙafarka ta yi ƙwari ka kama na sama, washegari aikinka ya ragu. Ka riƙe kuɗi a hannu, kada ka dogara da kati.

Daga Munik jirgin ƙasa na kai ka Garmish cikin kusan awa ɗaya da rabi. Ka shiga na sassafe. Tafiyar na farawa ne daga filin wasan tsalle kan ƙanƙara da aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1936. Minti ashirin da ɗoriya za ka iso bakin kwazazzabon Partnach, inda ake biyan kuɗin shiga. Tsawonsa mita 700 ne, bangayensa sun kai mita 80 a wasu wurare, an sassaƙa hanya a jikin dutsen, wani wurin rami ne mai duhu sai ka sunkuya. Ruwa na ɗiga a kanka, kogin na ruri a ƙarƙashinka har ba ka jin maganar na kusa da kai, launinsa tsakanin shuɗi da kore, irin wanda ban taɓa gani a ruwa ba. Ka sa rigar ruwanka tun daga ƙofa.

Bayan kwazazzabon hanya ce mai faɗi cikin daji, doguwa, ba wahala. Alluna masu ruwan ɗorawa suna nuna suna da awoyi, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da suka rubuta. Za ka wuce wani ɗan masauki, Bockhütte, daga nan kwarin ya matse, bangon dutsen Hochwanner ya miƙe a hagunka har sai ka ɗaga kai hularka ta kusa faɗuwa. Awa biyar zuwa Reintalangerhütte. Nan ka ci abinci, ka jiƙa ƙafa a kogi, ka dubi sama da agogo. In ƙarfe biyu ta wuce, ko gajimare ya fara taruwa kamar tulin auduga yana yin duhu daga ƙasa, kada ka ci gaba ko da ka kama wuri a sama. Ka yi magana da mai masaukin, su sun san sama, kuma suna iya kiran na gaba. Hadarin can da rana tsaka zuwa la'asar yake zuwa, kuma aradu a kan dutse mai igiyar ƙarfe ba abin gwaji ba ne.

Daga nan zuwa Knorrhütte awa biyu ne zuwa biyu da rabi, kuma nan ne hawan gaske ya fara. Itatuwa na gajarcewa har su koma wasu guntayen da ke rarrafe a ƙasa, sannan su ƙare, sai farin dutse. Alamar hanya jan fenti ne a jikin duwatsu. In ka yi minti biyar ba ka ga ɗaya ba, koma inda ka bar ta ƙarshe. Taku gajere, numfashi daidai da taku. In ba ka iya yin magana kana tafiya, ka yi sauri da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wani dattijo Bajamushe da ya girme ni da shekara ashirin na wuce shi sau uku, shi ma ya wuce ni sau uku ina hutawa, kuma ya riga ni isa bai tsaya ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar na ɗauki takunsa.

Masaukin yana da ƙa'idojinsa. Takalmi a ɗakin takalma ake bari. Kwana a jere ake yi kamar makarantar kwana, bargo nasu ne amma dole ka zo da ɗan siririn buhun kwana naka. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi shiru. Sharar ka kai za ka sauko da ita. Abinci kuma ka tambaya kafin ka ci, domin naman alade na shiga miya da tsiren da ba ka zata ba. Kalmar ita ce Schwein. Taliya da cuku, miyar ganye, da wata wainar ƙwai da fulawa mai zaƙi da ake yayyankawa, waɗannan suka riƙe ni.

Salla ba ta gagara, sai dai ka shirya mata. A Agusta rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, alfijir kuma tun wajen huɗu. Alƙibla ba inda ka saba ba ce: a Kumasi gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, can kudu maso gabas ne. Kai matafiyi ne, kasaru ta halatta maka, sauran hukuncin haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Ruwan alwala kamar wuƙa yake a hannu, ka yi ka goge da sauri. Na yi asuba a kan wani faffaɗan dutse a bayan masaukin, Yaya na gaba ina bayansa, ba motsin komai sai ƙararrawar tumakin da ake kiwo a can sama. Da muka sallame, kawunan duwatsun da ke gabanmu sun fara yin ja ɗaya bayan ɗaya, kwarin da muka fito yana cikin duhu har lokacin. Na daɗe ban tashi ba.

Ka cika gorarka a nan. Dutsen da ke sama irin na farar ƙasa ne, mai ramuka, ruwan sama na nutsewa cikinsa ya fito can ƙasa a matsayin kogin da ka biyo jiya. Ba rafi a gaba.

Ka bar masaukin kafin shida. Awa biyu za ka yi kana ratsa wani faffaɗan tudu na tsakuwa da duwatsu, babu ko inuwa. Da za ka duba da kyau za ka ga furanni ƙanana sun fito daga tsagar dutse, shuɗi da ruwan ɗorawa, ba su fi farce ba. Kada ka tsinka, da yawansu doka ta kare su, kuma bazararsu 'yan makonni ce. A hagu za ka ga ragowar ƙanƙarar da ta yi shekaru aru-aru ba ta narke ba. Ta kusa ƙarewa. A 2022 masana suka cire ɓangaren kudu daga jerin irin waɗannan ƙanƙara saboda ya sirance har ya daina motsi, na arewan ma yana bin sahu. Yayana ya nuna mini inda bakinta yake lokacin da ya fara zuwa, yanzu wurin tsakuwa ce zalla.

Daga tudun nan kana hango gine-ginen ƙoli kamar ka miƙa hannu. Hangen Dala ba shiga birni ba. Za ka iso Sonnalpin, kusan mita 2,600, inda jirgin ƙasa mai haƙora da aka buɗe a 1930 yake ajiye fasinja. Akwai gidan abinci, akwai ɗan coci, akwai kuma ɗan ɗakin salla na musulmi da aka buɗe a 2012, tambayi ma'aikata su nuna maka. Nan ne wurin yanke shawara, kuma ina roƙonka ka yanke ta da gaskiya. Abin da ya rage bai kai mita 400 ba amma shi ne mafi wuya: gangare mai tsayi na tsakuwa mai zamewa, taku biyu gaba ɗaya baya, ka wuce tashar binciken yanayi ta Schneefernerhaus, sannan dutse tsagwaro da igiyar ƙarfe da za ka riƙa kamawa, sannan siririyar kunyar dutse mai rami hagu da dama. In kanka na ciwo, ko jiri na ɗibarka, ko hazo ya rufe, ko kana tsoron tsayi, akwai ƙaramar motar igiya daga nan zuwa sama, minti kaɗan. Ka hau ta. Wanda ya taka daga Garmish zuwa nan ya riga ya yi hawan mita 1,900 da ƙafarsa.

In ka ci gaba, ka naɗe sandunanka ka sa a jaka idan ka iso igiya, hannu biyu kake bukata. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka saboda duwatsun da ƙafarsa ke turowa. In kai ka turo, ka yi ihu. Awa ɗaya da rabi.

Ƙolin zai ba ka mamaki, domin bayan kwana biyu na shiru sai ka faɗo cikin taro: dandali na kankare, gidajen abinci, tashar duba yanayi da ke aiki tun 1900, mutane da silifas da jarirai da suka zo ta mota. Iyakar ƙasashen ta ratsa ta nan. Ka bi wani ɗan lungu, allo ɗaya ya ce Bavariya, ɗaya ya ce Tirol, shi ke nan ka shiga Ostiriya. Babu shinge, babu mai tambayar ka takarda. Ni da na san yadda ake yini a Aflao da kaya, na tsallaka na dawo har sau uku, ina tunanin ranar da namu iyakokin za su zama haka. In sama ta washe ana hango duwatsun ƙasashe huɗu, Jamus, Ostiriya, Suwizalan da Italiya. Wasu baƙaƙen tsuntsaye kamar ƙananan hankaki, masu baki ruwan ɗorawa da jan ƙafa, suna shawagi a iska ba tare da kaɗa fiffike ba, ɗaya ya sauka a kan jakata yana kallon dabinon da ke hannuna.

Ainihin tsinin dutsen yana gefe kaɗan, inda aka kafa gicciye mai ruwan zinariya tun 1882. Ana zuwa ta ɗan tsani da ƙusoshin ƙarfe, dutsen ya yi santsi saboda yawan taku, ga layi, ga masu takalmin gari suna turereniya a bakin rami. Ni ban je ba, kuma ban ba ka shawara ba sai in ka isa da sassafe babu cunkoso, dutsen kuma a bushe.

Saukowa kada ka yi ta da ƙafa a karon farko, gwiwar da ta gaji ita ke jawo faɗuwa. Ka tambayi lokacin motar ƙarshe da zarar ka isa, ka sayi tikitin sauka. Babbar motar, wadda aka buɗe a Disamba 2017, tana sauke ka mita 1,945 a kan ginshiƙi ɗaya tak mai tsawon mita 127, kunnuwanka za su toshe, ka riƙa haɗiyar yawu. Tana ajiye ka a bakin tafkin Eibsee, inda jirgin ƙasa ke komawa Garmish. Kafin ka shiga jirgin ka taka zuwa bakin ruwan, minti biyar ne, ka cire takalmi ka tsoma ƙafafunka. Daga nan na kira Hajiyarmu a Aboabo, domin tun daren jiya wayata ba ta da sabis, kuma na san ba ta yi barci ba.